Kyamara ta Tara

Gajimare bai gama tashi daga kan duwatsun Kerinci ba lokacin da Dakta Rosnida, mai ƙidayar damisa, ta shigo ofishin Insifekta Syafrizal da laka har gwiwa.

"Yallabai, an sace kyamara ta tara. Ita kaɗai ke kwarin da muke zaton akwai macen damisa da 'ya'ya. Ranar Juma'a zan miƙa rahoto. In babu hoto, kwarin ya zama gonar kwakwar manja."

Syafrizal mutum ne mai jin nauyin hawa dutse, amma ya hau. Daji ya yi shiru, raɓa na ɗiga daga ganye, komai kamar a mafarki. A gindin bishiyar da aka ɗaure kyamarar ya tsuguna. Ba a yanke igiyar ba, kwance ta aka yi a hankali. Kusa da saiwa kuma ga ganyen sirih a naɗe, irin wanda dattawa ke ajiyewa don neman izinin mai dajin.

Ya yi murmushi. Maharbi ba ya sallama kafin ya yi sata.

Da ya sauko, shi da Rosnida suka tarar da Baba Tamrin, tsohon da ke yi wa masu ƙidayar jagora, yana shanya ɓawon kirfa a ƙofar gida.

"Baba, yaushe rabonka da kwarin?"

"Wata guda, ɗana. Gwiwa ta ƙi."

"Gwiwa ta ƙi, amma matsattsaku suka biyo ka har gida? Ga cizonsu nan a ƙafarka, jinin ma bai bushe ba. Ka ga damisar ne?"

Tsohon ya zabura. "Kai! Ba a kiran sunanta. Kaka ake cewa."

"To, ina hoton Kaka?"

Tsohon ya dubi dutsen. Sannan ya shiga ɗaki, ya fito da kyamarar naɗe cikin zanen sallarsa.

"Bara na kai su inda mijinta yake," in ji shi. "Suka ƙirga zanen jikinsa, suka sa masa lamba, suka ɗiga a taswira. Wata biyu, sai ga shi a tarko. Ni na nuna hanya."

Rosnida ta kunna kyamarar. Ga damisar nan cikin hazo, tana duban su kai tsaye, 'ya'ya biyu a bayanta.

"Baba," ta ce a hankali, "in ba a gan ta ba, za a sare dajin."

"In an gan ta fa?"

Tausayin tsohon ya kama Syafrizal, bai ko taɓa ankwa ba, ƙofar motarsa kawai ya buɗe masa.

Kafin ya shiga, Baba Tamrin ya juya wajen dutsen, ya sunkuyar da kai.

"Kaka, ki yafe. Na sake nuna ki."