Hannun Darcy da Farin Tangaran

Ku yaran yanzu kunnen ƙashi gare ku. A ce kada ku taɓa, sai kun nemi dalili. To ku zauna ku ji dalilin.

Na tsufa ina wankin fararen riguna da safar hannu a gidan injin nan na bayan birnin Melbourne, wanda ke sa ƙwayoyin zarra tsere cikin rami. Ban yi karatu ba, amma akwai dokar da har ni na sani. A bakin bututun injin ana ɗaura wani farin tangaran kamar faranti. Igiyar rediyo ta ratsa shi ta wuce, iska da wuta kuwa ya tare su. Ba a taɓa shi sai da safa. Injiniyoyi sun ce maiƙo kaɗan ya isa ya sa shi tartsatsi, ya yi zafi, ya tsage. Tsofaffin ma'aikata kuwa cewa suke abin da ke bayan tangaran ba ya manta hannu.

Wata Juma'a da almuru ana gasa nama a tsakar gida, sai na ga safar Darcy yashe kan tebur. Sabon ma'aikaci ne, mai rawar kai. Na ɗauka na bi shi ramin, kwandon wanki a hammata.

Na tarar ya riga ya ɗaura tangaran, yana lasar yatsa.

"Da wannan hannun, ɗan nema?"

"Haba Goggo Beryl, ƙwallo za a fara. Ai na goge a wando."

"A gidanku haka ake wanke hannu?"

Ya yi dariya. Bai kai ga gama dariyar ba.

Injin a kashe yake. Amma wani gunji ya taso, har cikin haƙorana. Wari ya cika ramin, irin na bayan faɗuwar tsawa. Rediyon oba-oba da ke ƙugunsa ya fara shuuu.

Tangaran ya yi shuɗi. Ga shatin hannun Darcy a jikinsa, ɓaro-ɓaro.

Sai wani hannu ya taso daga ciki, inda ko iska ba a bari. Ya kwanta daidai kan shatin. Yatsun sun fi nasa tsawo.

Rediyon ya yi raɗa, da muryar Darcy.

"Kai ka fara gaisuwa. Miƙo."

Bakin Darcy kuwa a rufe yake.

"Goggo," in ji shi, "ba ni ke ɗaga shi ba."

Hannunsa na dama ya tashi. Ya manne a tangaran.

Na maka masa kwandon a gwiwar hannu. Na shaƙo wuyan rigarsa, na ja da iyakar ƙarfina. Muka zube tare.

Ƙas! Tangaran ya tsage.

Na ja shi har matattakala, ban waiwaya ba.

Da aka bincika, injiniyoyi suka ce maiƙo ne. Na tambayi babbansu yadda maiƙo ke tartsatsi ba wuta. Tun ranar ba mai shiga ramin shi kaɗai.

Darcy ya bar aikin. Tafinsa ya koma fari, sumul, da sanyi, ba ko zane ɗaya. Bara na gamu da shi ɗauke da jaririyarsa a hannun hagu. Ya ce in ya shafa ta da na dama ba ya jin komai. Ita kuwa sai ta tsandara ihu, kamar wani baƙo ne ya taɓa ta.