Takardar Jikin Taga

Ƙara ta uku ce ta tarwatsa gilashin tagar.

Zaliha ta kife a kan tabarma ta rufe kanta da hannu biyu. Bakinta na motsi, amma ita kanta ba ta san wace addu'a take ja ba. A gefenta Ramatou ta duƙunƙune a kan jaririyarta Huseina.

Kwana biyu ke nan da 'yan tawaye suka shigo Njamena. Duk unguwar Chagoua an rufe ƙofofi, ba ka jin komai sai harbi. Ita ma Zaliha satar jiki ta yi da hantsi, ta tsallako gida huɗu don ta kawo wa Ramatou ƙullin madara biyu daga shagon babanta.

Ba harbin ne ya fi ba ta tsoro ba. Yarinyar ce.

Duk wannan rugugin, Huseina ba ta yi kuka ba. Baki kawai ta buɗe, wani ɗan sauti ya fito kamar na kyanwa. Wata huɗu da haihuwa, amma wuyanta ya zama kamar kara, ƙafafunta kuma sun kumbura. Tun da zazzaɓi ya busar wa Ramatou da nono, sati uku da suka wuce, garin madarar shagon Alhaji Inusa, baban Zaliha, take damawa tana zuba mata a bibiro, kwalbar shayar da jarirai.

"Tana sha fa," Ramatou ta ce. "Wallahi tana shanyewa tas. Amma kullum sai ta ƙara lalacewa... Zaliha, ko baki ne?"

Kafin Zaliha ta amsa aka turo ƙofa. Abdussamad ne, ƙanin Ramatou, da ƙura har gira, riƙe da wata babbar takarda ruwan ƙasa da ƙusoshi. Yana ganin Zaliha ya tsaya cak.

"Ke kuma me ya fito da ke?"

Ta sunkuyar da kai.

"Habibti, so kike zuciyata ta buga? Harsashi fa bai san 'yar Alhaji ba."

"Madara na kawo..."

Ya girgiza kai, ya yi ɗan murmushin nan nasa da yake sa ta rasa inda za ta ajiye idonta. Shekara guda ke nan suna tare. Sau biyu manyansa na zuwa, sau biyu Baba na mayar da su, wai shi bai taso daga Maiduguri da iyalinsa ba don ya miƙa 'yarsa mai sakandare ga mai walda. A wurin Baba, mijin da ya dace Halliru ne, abokin kasuwancinsa, wanda ke shigo masa da kaya.

Tun jiya gilashin ya tsage, shi ya sa Abdussamad ya fita neman abin toshewa. Ya shiga buga takardar a jikin tagar da ta fashe.

"A bayan ma'ajiyar Halliru na tsinto ta," ya ce. "Ya yi min rana yau, ko bai sani ba."

Zaliha mutum ce da ba ta iya wuce rubutu. Ko a gwangwani ta gani sai ta karanta, halin da ta ɗauko tun a makaranta, inda malamar girki ke sa su kawo fankon gwangwanaye su fassara abin da ke jiki. Idonta ya hau kan takardar. Hoton kofin shayi ne, da shuɗin layi a bakinta, sai Turancin Ingilishi a ƙasa.

*Non-dairy creamer.*

Ta matsa kusa. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:

*Not suitable for infants.*

Sai ta ji kamar an kwara mata ruwan randa.

Ta san shuɗin layin nan. Duk buhun madarar da Halliru ya kawo shagonsu, sai ya fara ɓare fallen takardar waje, wai don kada masu wawaso su gane kaya ne mai tsada. Amma kullum guntun shuɗin layi na maƙalewa a ƙarƙashin ɗinkin bakin buhun. Daga nan a ƙulla garin a ƙananan ledoji, ba suna ba rubutu, mata su saya.

"Yaya Ramatou." Zaliha ta juyo. "Ajiye bibiron nan."

"Me ya faru?"

"Ba madara ba ce."

Abdussamad ya juyo da ƙusa a baki. Shi da yayarsa 'yan Damagaram ne, a nan suka girma, Larabci da Faransanci suke ji. Ingilishi kuwa ko ɗigo.

"Ga ta fara sol, ga zaƙi," ya ce. "Mene ne in ba madara ba?"

"An rubuta babu nonon saniya a ciki. Mai ne da sukari aka busar, na faranta shayi ne kawai. Nan kuma an ce kada a ba jarirai." Hawaye suka zubo mata. "Yunwa ke cin ta, Abdu. Cikinta na cika, amma yunwa ke cin ta... kuma ni ce nake kawowa da hannuna."

Ramatou ta saki bibiron ya gangara ƙarƙashin gado. Ba ta yi ihu ba. Ta zuba wa 'yarta ido kawai, tana cewa, "Ya Allah, ya Allah."

"Labtan," Abdussamad ya ce. Asibiti yake nufi.

"Ta ina?" Ramatou ta ce. "Ba ka ji abin da ake yi a kan titi ba?"

Zaliha ta miƙe. Ta cire takardar daga tagar ta naɗe.

"Ku taso mu je gidanmu. Inna tana shayar da autanmu."

"Gidanku? Alhaji ya ce in ya ƙara ganin ƙafata a ƙofarsa..."

"Na sani."

"Zali, in kika faɗi wannan magana a gaban Halliru, kin san an gama da zancenmu ko?"

Ta sani sarai. A rayuwarta ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Baba ba. Ta dubi Huseina, ta dube shi.

"Ɗauko ta," ta ce.

Gida huɗu ne, amma kamar tafiyar yini. Suna manne da bango, suna tsalle duk lokacin da aka yi harbi. A bakin lungu wata motar soja ta wuce a guje, Abdussamad ya tura su bayan wata rumfa ya tare su da jikinsa. Zaliha na jin bugun zuciyarsa ta bayan mayafinta.

A zaure suka tarar da Alhaji Inusa da Halliru, wanda faɗan ya rutsa da shi a gidan. Buhu ne a buɗe a tsakaninsu, suna ta ƙulla ledoji.

Baba ya ɗago. Ya dubi 'yarsa, ya dubi wanda ke bayanta.

"Lalle. Ana yaƙi, ke kina yawon gidan saurayi."

"Baba..." Ta matso gabansa. "Baba, abin nan da muke sayarwa ba madara ba ce. Yana kashe jarirai."

Inna Hansatu, da ta leƙo daga cikin gida, ba ta jira bayani ba. Kallo ɗaya ta yi wa Huseina ta karɓe ta, ta ja hannun Ramatou suka shige.

Zaliha ta buɗe takardar ta karanta, ta fassara kalma bayan kalma.

Halliru ya yi dariya.

"Alhaji, Turancin sakandare ne ya motsa. Takarda ce ta bola, Allah kaɗai ya san daga ina. Mai walda ya ga ba shi da hanya, ya ba ta ta zo ta shafa min baƙi. Wa ke jin Ingilishi a unguwar nan da zai ce ƙarya take?"

"Haka ne, Zaliha?" Baba ya ce a hankali. Wannan muryar ta fi tsawarsa ban tsoro.

Ta durƙusa gaban buhun, ta ɗora yagaggen bakin takardar a jikin guntun da ya maƙale a ƙarƙashin ɗinki. Bai dace ba. Halliru ya sake dariya. Ta rarrafa zuwa buhu na biyu da ke jingine da bango.

Yagen ya zauna daram. Shuɗin layin ya haɗe, har hannun kofin shayin da ya gutsure ya koma mazauninsa.

Baba ya daɗe yana kallo.

"Halliru, ka ce min don masu wawaso kake ɓarewa."

"To Alhaji, mene ne a ciki? Fara ce, kowa na sha a shayi. Ni na ce su ba 'ya'yansu?"

"Kai ka ce min in riƙa gaya wa mata ta jarirai ce, daga Turai. Ni kuma na faɗa. Da bakina na faɗa, har da rantsuwa." Ya dafe kansa. "Lami matar mai gawayi ta saya. Balarabiyar nan mai tagwaye ta saya. Matar tela..."

"Alhaji, in maganar nan ta fita, shagonka ya mutu."

"Ɗauki takalminka."

"Ana harbi fa a waje."

"Ana cikin harbin nan 'yata ta fita ta dawo. Fita min daga gida."

Bayan ya fice, Baba ya miƙe ya ɗauki wani buhu fanko. Ya nufi ƙofa, sai ya tsaya. Shekararsa uku a garin, Larabcinsa bai wuce na ciniki ba. Bai juyo ba ya ce:

"Kai, mai walda. Za ka iya faɗa wa matan da suka saya da yarensu?"

"Zan iya, Baba."

Zaliha ta riƙo gefen rigar Abdussamad, a gaban mahaifinta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kada ku tafi yanzu... ku bari ya lafa."

"Kafin ya lafa an dama wa wani jaririn," ya ce. "Ke kika fara, sanyin idona. Bari mu ƙarasa."

Suka fita.

Ita dai ba ta san yadda yinin nan ya wuce ba. Tana zaune a bayan ƙofar zaure, kunnenta a jikin ƙarfe. Duk harbin da aka yi sai ta ji kamar a ƙirjinta ya sauka. Azahar ta wuce. Wani abu ya faɗo ta wajen unguwar Abena har ƙasa ta girgiza, ta cusa mayafi a baki don kada Inna ta ji kukanta. In Baba bai dawo ba, ita ta tura shi. In Abdu bai dawo ba, ita ce.

Ana kusa da la'asar aka buga ƙofa.

Baba ne, yana ɗingishi, hannunsa a wuyan Abdussamad. Ya gurɗe a wani kwalbati lokacin da suke gudu, mai walda ya goyo shi rabin hanya. A ɗaya hannun Abdussamad na jan buhun, cike da ƙullin ledojin da suka karɓo gida gida.

"Wata ta zage ni har kakana," Baba ya ce yana zama da ƙyar. "Yaron nan ya ƙi fassara min."

"Ba sai an fassara ba, Baba, ai ka gane."

Baba ya harare shi, amma bai saki kafaɗarsa ba.

Da faɗan ya lafa aka kai Huseina asibiti. Likita ta ce da an ƙara sati, da labarin ya sha bamban. Ramatou ta tare a ɗakin Inna, ana shayar da yarinyar tare da auta.

Rana ta tara, Zaliha na shara a zaure, Abdussamad ya shigo fuskarsa ba walwala.

"Zali, wani abu ke damuna. Huseina ta sha nonon Innarki, ta zama ƙanwarki. Ni kuma kawunta ne. Kada fa a ce..."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Wannan bai taɓa zuwa mata a rai ba.

"Bai hana ba." Muryar Baba ce daga cikin shago. "Na tambayi liman tun shekaranjiya."

Suka dubi juna.

"Baba, kai ka je ka tambaya?" Zaliha ta ce a hankali.

"To wa zai tambaya? Ku da ba ku da hankali?" Ya yi gyaran murya. "Ka ce wa manyanka su dawo Juma'a. Ke kuma zo nan, an kawo wasu gwangwanaye. Ba na ɗora komai a kantar shago sai kin karanta min."

Ta juya za ta tafi, sai kuka ya ɓarke daga ɗakin Inna. Kuka mai ƙarfi, na jaririyar da ta ji yunwa kuma ta san haƙƙinta.

Zaliha ta tsaya ta rufe ido tana saurare.

"Wannan ba auta ba ne," Abdussamad ya ce.

"A'a," ta ce. "Huseina ce."