Dariyar Da Ba A Goge Ba

Son a sani mugun ciwo ne, kuma shi ya kayar da Zailani na Ƙofar Gayan. Ku natsu, 'yan mata, ku ji.

Radiya na durƙushe gaban mahaifinta, Malam Abdulbaƙi, a zauren gidansu da ke Ƙofar Jatau. Waya na kan buzu a tsakaninsu, muryar Radiya na fitowa daga ciki. Ba karatu take yi ba. Dariya ce, irin wadda ko yayyenta maza ba su taɓa ji ba, sannan ta ce a hankali, "Zailanina, bari mana... ka sa na manta inda na tsaya."

Malam ya kashe wayar.

"Muryar wa ce wannan?"

"Tawa ce, Baba."

Bai daka mata tsawa ba. Da ma ya daka, da ta fi samun sauƙi.

Wata takwas ke nan tana karanta darussan tsarki da salla, ana naɗa ana tura wa matan aure su saurara a waya suna girki. Zailani, wanda aka sa musu rana bayan Babbar Salla, shi ke naɗar muryar da hantsi a wannan zauren, gwaggonta Umaima na gefe tana tsinkar zogale. In ya koma gida sai ya yanke carar zakara da ƙarar injin niƙa da tari. Sharaɗin Malam ɗaya ne: duk abin da ba karatu ba, a goge. Zailani ya yi alkawari har da rantsuwa.

Ranar da gwaggo ta shiga duba tukunya aka yi waccan dariyar. Da Radiya ta tambaye shi, ya ce ya goge.

Bai goge ba.

Akwai Suhail, ɗan baffanta, wanda ya neme ta ta ƙi. A majalisarsu ta bakin ƙofa ya dinga zolayar Zailani, wai ma'aikaci aka ɗauka ba ango ba, wai 'yar Malam ko kallonsa ba ta yi. Aka yi ta dariya. Zailani ya kasa daurewa, ya zaro waya ya kunna musu har sau biyu. Wayar Suhail kuwa na aljihun gaba tana naɗa.

Kwana biyu kacal, maganar ta zaga birni. Masu shago na kiran juna "Zailanina". Magidanta suka fara hana matansu sauraren darasin.

Da la'asar ɗin ranar da Malam ya ji muryar, Zailani ya zo. Radiya ba ta fito ba, ta tsaya bayan ƙyauren soro na biyu. Ya yi ta ba da haƙuri, ya ce Suhail ne ya ci amana, ya ce zai bi waya-waya ya sa a goge.

"Sahibata, wallahi don ina son ki na ajiye..."

"Na yarda," in ji ta. "Da ka ajiye kana saurare kai kaɗai, da na rufa maka asiri ko Baba zai yanka ni."

"To ki yafe mini, rabin raina."

"Na yafe. Amma yau wata tsohuwa ta aiko tana tambaya ko alwalar da na koya mata ta inganta, tunda ga irin malamar. Me zan ce mata, Zailani?"

Ya sunkuyar da kai yana juya wayar a hannunsa. Sannan ta ja ƙyauren ta shige ɗaki, ta kifa fuska a cinyar gwaggo.

Malam bai tilasta mata komai ba. Ita da kanta ta ce a mayar musu da kayansu. Washegari dattawa biyu suka ɗauki kayan sa rana zuwa Ƙofar Gayan. Suhail ya turo nasa mutanen, Malam ya sallame su tun daga bakin ƙofa.

Radiya ba ta sake zama gaban makirfo ba.

To ga abin da Zailani ya saya da kunnawa biyu. Ya rasa matar da saura sati bakwai ta tare a ɗakinsa. Ya rasa darasi arba'in da ɗaya da ya gyara da hannunsa, don Malam ya sa an goge su duka, mata ɗari uku suka koma ba malama. In ya gai da Malam a masallaci, ana amsa masa ba a kallonsa. Majalisar da ya so ya burge kuwa, har yau in ya doso, sai kowa ya yi shiru.