Sunan Kausar a Kan Kowane Layi

Ranar da Kausar ta fara ganin Jabir, ji ta yi kamar ta kwaɗa masa kwamfutarta a ka. Sabon zuwa ne kamfaninsu da ke unguwar Daɗin Kowa, inda suke gina manhajar dillalan dankali, amma ko zama bai gama yi ba ya haska taswirar kod ɗinsu, wato rubutun da ke tafiyar da manhajar, a bango.

"Oga, ga matsalar," ya ce wa Datong, mai kamfanin. "Modul ɗin oda, wato sashen karɓar oda, ya dogara da na sufuri, na sufuri ya dogara da na oda. In an taɓa ɗaya sai ɗayan ya faɗi."

"Wa ya rubuta?" in ji Datong.

Jabir ya buɗe Git, manhajar da ke ajiye tarihin kod. Sunan Kausar ya fito reras a kan kowane layi.

Haba! Ita da tazarar layuka kawai ta gyara don kod ya karantu? Git kuwa wanda ya taɓa layi a ƙarshe yake nunawa, ba ruwansa da wanda ya ƙulla tsiyar. Datong bai saurare ta ba, ya mayar da ita amsa koken kwastomomi.

Da yamma saƙon Jabir ya shigo: "Ranki ya daɗe, na ga ranki a ɓace."

"Ka ci mutuncina gaban mutane kana tambaya? Malam, goge lambata."

Bai goge ba. Ya tona tarihin kod ɗin, ya gano Datong ne da kansa ya ƙulla shi tun farkon kamfani, ya gaya mata a asirce. Daga ban haƙuri hira ta yi daɗi, "Malam" ya koma "Jabiruna", har magabatansa suka je gidansu a unguwar Dilimi neman aurenta.

Mahaifinta, Alhaji Ishaku tela, ya ce, "A bainar jama'a ya zubar mata da mutunci, sai a waya zai wanke ta? Ban ba shi ba."

Kausar ta sha kuka, haushinta ma shi ne ta san Baba ya fi ta gaskiya.

"Tauraruwata, gobe ki shigo taro," Jabir ya rubuto.

Washegari a taron ya tsaya gaban kowa. "Oga, na yi kuskure. Ga tarihin. Kai ka rubuta, Kausar ba ta da laifi."

Datong ya daɗe yana kallon bango.

"Kai ba ka da kunya fa. Kausar, abeg ki yi haƙuri. Jabir, warware mini shi."

"Ni zan warware abina," in ji Kausar. Ta zare adireshin dillalai, wanda modul biyun ke ja, ta ba shi modul nasa daban. Kowane modul ya tsaya da ƙafarsa.

Da labari ya kai kunnen Baba ya sauko, bayan sallar wata Juma'a aka ɗaura aure a Dilimi. Alhaji Ishaku ya riƙe hannun ango.

"Na ba ka ita ne don ka faɗi gaskiya gaban wanda zai iya korar ka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."