Haruffa Biyu a Kasafin Dansou

Ni na san Dansou tun yana da hankali, don haka kada wani ya ce mini ciwo ne ya kama shi. Hassada ce ta ci shi, kuma da ƙafarsa ya je ya same ta.

Rana ɗaya aka ɗauke su aiki shi da Akpovi a ofishin tsara kasafin ƙasa a Kwatano, teburinsu ma ɗaya. Bayan shekara ashirin aka ba Akpovi shugabancin sashen. Duk watan Agusta, lokacin da ma'aikatu ke zuwa kare abin da suke nema na baɗi, sai ka ga manyan mutane da kwat sun yi layi a ƙofarsa. Mai neman asibiti na roƙo, mai neman titi na roƙo, shi kuwa yana juya jan alƙalami. Dansou na gefe yana kwafe lissafi. Abin da ya fi ƙona masa rai, Akpovi bai canza ba ko kaɗan. Kullum sai ya leƙo yana murmushi, yana kiransa Fofo, wato babban wa a yarensu.

"Fofo, yaya Senami da yara? Ka rame fa, ko madam ta rage maka tuwon akasa?"

Dansou ya yi dariyar yaƙe. Wai har shi wannan zai tausaya wa!

Akwai wata al'ada a ofishin. In aiki bai samu kuɗi bana ba, amma ba a so a goge shi, sai a bar sunansa a rubuta haruffa biyu na Faransanci a gabansa, P.M., wato "don tunawa". Rijiyar ƙauye, ɗakin haihuwa, gadar da ta karye, Dansou ya sa musu haruffan nan sau dubu hannunsa bai taɓa rawa ba.

Wata Asabar da rana tsaka ya hau kwalekwale daga garin Kalabi zuwa wani ƙauye da aka kafa bisa ruwa, wurin wani boka da ake kira Dah Hounsa. Bukkar tana can ƙarshe, inda masunta ba sa jefa taru. A ciki akwai wani gunki, tulin yumɓu mai tsayin yaro, an kafa masa wuri irin na kuɗin da a matsayin idanu, manja da jini sun bushe a kansa sun yi baƙi. Kwaɗuna masu tsatsa sun fi ɗari rataye a jikinsa, babu mabuɗi ko ɗaya. Duk ƙarnin wurin, ƙuda bai shiga ba.

Tsohon bai amsa gaisuwa ba. Ya kurɓi giyar sodabi ya fesa wa gunkin, sannan ya ce, "Kuɗi ko kujera?"

"Dah, abin da Akpovi yake da shi nake so."

"Ya rasa, ko ka fi shi?"

"Duka biyu. Kuma ya gani da idonsa."

Dah Hounsa ya jawo ƙwarya ya zube wuri arba'in da ɗaya a tabarma. "Ga rabon gidanka na shekara mai zuwa. Ba na ƙirƙirar sabo, wanda ke akwai ake juyawa. An ce aikinka rabo ne, to raba. Rubuta sunan duk wanda ke ci a tukunyarka, da abin da ka ba shi. Abin da ka ɗora a sunanka, gunkin nan zai ninka maka shi."

Nan fa ma'aikacin kasafi ya motsa a jikin Dansou. Ai wannan sananne ne, a zuba komai inda zai haihu, sauran a cike musu daga baya. Ya rubuta sunansa, arba'in da ɗaya. Ya rubuta matarsa Senami, ɗansa Mawuton, 'yarsa Fifame, ya sa wa kowannensu haruffa biyun nan.

Tsohon ya ɗora yatsa a kai. "Wannan fa?"

"Don tunawa. Sunan yana nan, amma ba a ba shi komai bana ba."

"Ko ɗaya ba za ka bar wa yarinyar ba?"

"Baɗi, Dah. Haka muke yi, ba a rasa komai."

Tsohon ya juya ga gunkin ya ce a hankali, "Ka dai ji da bakinsa." Ya naɗe takardar, ya cusa a wani kwaɗo, ya danna. Dansou bai tambayi abin da ke cikin rabon mutum ba. Shi a ganinsa kuɗi ne kawai.

Kafin majalisa ta amince da kasafin ƙasa a Disamba, an mayar da Akpovi ɗakin ajiye tsofaffin takardu, an ba Dansou kujerar. 'Yan kwangila suka san hanyar gidansa. Ya gina bene a bakin teku, ya sayi mota uku, ya riƙa sa direba ya bi ta inda Akpovi yake tsaye yana jiran babur. Akpovi kuwa sai ya ɗaga hannu yana washe baki, "Fofo, Allah ya ƙara!" Wallahi wannan gaisuwar ta fi zagi yi wa Dansou ciwo.

Sabuwar shekara na shiga, Senami ta fara bushewa. Tana ci, abincin ba ya zama a jikinta. Likitoci suka duba ba su ga komai ba. A Maris ta ce masa, "Baban Fifame, ji nake kamar an manta da ni a wani wuri." Kwana biyu bayan nan ta cika. A Mayu, Mawuton, saurayi mai buga ƙwallo, ya zauna ɗaure takalmi bai sake ɗagowa ba.

Ranar da aka kawo atamfar jana'izar yaron, wadda dangi za su ɗinka iri ɗaya, Dansou ya warware ta. Hoton ɗansa ne jere bisa jere, a ƙarƙashin kowanne an buga: don tunawa. Ya waiwaya ya ga Fifame, 'yar shekara sha huɗu, zaune da kwanon abinci, wuyan hannunta ya zama kamar kara.

Washegari Juma'a yana gaban Dah Hounsa, yana kuka da majina.

"Dah, ko gwamnati tana yin ƙwarya-ƙwaryar kasafi a tsakiyar shekara. A gyara! A ba yarinyar nan wani abu!"

"Daga ina? Ka cinye." Tsohon ya karkata ƙwaryar, wuri ɗaya ya gangaro. "Saura wannan. Shi ke riƙe da kujerarka da duk abin da ka tara. Ka ba ta, ta tashi. Kai ka koma yadda ka zo, ko ƙasa da haka."

Dansou ya ɗauki wurin. Yana son 'yarsa, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Ya buɗe baki zai ce a ba ta, sai wata tambaya ta riga fita.

"In na sauka, wa za a ba kujerar?"

Dah Hounsa ya dube shi ya ce, "Ka sani."

"A ba ni zuwa Litinin in yi tunani."

Ranar Lahadi da azahar, ana dawowa daga coci, Fifame ta ce a shimfiɗa mata tabarma a inuwa ta ɗan huta. Ba ta kai la'asar ba.

A maƙabarta hankalin Dansou ya tafi. Ya faɗa cikin ramin yana ihu a dawo masa da takardarsa, sai da mutum huɗu suka fito da shi. Benen ya zama kango, don babu wanda ya yarda ya kwana a ciki.

To, kai da ke zaune kana ƙirga abin da ke hannun ɗan'uwanka, ka ji tsoron Allah. Masu wannan ciniki ba su da abin ba ka, daga cikin gidanka suke yanka. Kuma ko sun ba ka duniya, ciwon da ya kai ka wurinsu ba ya warkewa.

Dansou yana nan har yau a gindin wata bishiyar mangwaro kusa da kasuwa, cikin yagaggen kwat. Mutum ɗaya ne bai guje shi ba. Kullum da rana Akpovi zai zo da kwano biyu na akasa da soyayyen kifi, ya zauna a ƙasa kusa da shi. Dansou ba ya tuna sunan 'ya'yansa, ba ya tuna nasa. Amma kafin ya kai loma baki, sai ya leƙa kwanon Akpovi ya ga kifin wa ya fi girma.