Rigar Da Na Ara A Kan Dutse

Likita ne ya ce in riƙa hawa dutsen bayan gari duk Asabar, saboda hawan jini. Ran nan da yamma na buɗe durowa ina neman rigata ta ruwa mai hula, ban gan ta ba.

"Ina rigata?" na tambayi matata.

"Ƙanena ya ara, zai fita da babur."

"Ƙanenki! Takalmina ƙanenki, tocilana ƙanenki. Saura ni kaɗai bai ara ba!"

Ta miƙo min suwaita da safa mai kauri. "Baban yara, saka wannan ka ɗora wata a kai. Saman dutsen nan ba ta da alkawari. Yanzu rana, anjima ruwa."

Na watsar da su a kan gado. Na fita da 'yar riga shara-shara da takalmin roba, na buga ƙofa har tagogi suka amsa.

Ina hawa ina faɗa ni kaɗai. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Na wuce rabin hanya ke nan iska ta juya, gajimare ya sauko ya rufe garin, yayyafi ya fara. Jiƙaƙƙiyar rigar ta manne min kamar ƙanƙara. Haƙorana suna kaɗawa, takalmin yana santsi, ni kuwa ina tsine wa surukina.

A wata kwana na ga riga rataye a reshen busasshiyar bishiya. Baƙa, mai kauri, mai hula. Ruwa na zuba, ita kuwa a bushe take.

"Akwai mutum a nan?" na ɗaga murya.

Shiru. Sai ɗigar ruwa a kan dutse.

"To yau ni ma zan ara," na ce, na fizge ta na saka.

Da ɗumi a cikinta, kamar yanzu wani ya tuɓe. Tana warin toka da ƙonannen gashi.

Zif ɗin ya ja kansa har maƙogwarona.

Na juya zan sauka. Rigar ta juya ni dama, inda babu hanya sai bakin wani rami mai zurfi. Kafaɗun suna tura ni. Taku ɗaya. Taku biyu.

A cikin hular, dab da kunnena, wani ya ja numfashi.

"Wa ya ba ka?" Raɗa ce, amma tana rawa don fushi. "Kullum haka kuke. Ku hawo tsirara, ku ɗauki kayan mutane."

"Aro ne," na ce da ƙyar.

"Na bara ma haka ya ce. Yana can ƙasa."

Tsakuwa ta zame a ƙarƙashin ƙafata. Ban ji faɗuwarta ba.

Na zube da gangan, na maƙale wani kututture da ƙafafuna. Rigar tana jana. Wuyan yana shaƙe ni. Sai zuciya ta ɗebe ni: ni da gidana da 'ya'yana, riga ce za ta kashe ni? Na lalubo 'yar wuƙar da ke jikin makullaina, na soka a wuyan, na tsarge har ƙasa.

Rigar ta yi ƙara irin ta mutum.

Na zare hannun dama. Na hagu ya ƙi fita. Wasu yatsu a ciki sun riƙe min wuyan hannu. Na taka rigar, na fizga da dukkan ƙarfina.

Ba takalmi na isa gida. Matata ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, bargo kawai ta lulluɓa min.

Kwana huɗu na yi a asibiti da ciwon haƙarƙari. Na warke, amma hannun hagun bai sake ɗumi ba, ko a tsakar rana. Makon jiya na ɗauki autarmu da shi, 'yar shekara uku. Ta ƙura wa kafaɗata ido, ta fashe da kuka.

"Baba," ta ce, "ka ce wa mutumin nan ya daina hararata."