Ranar da Barakatu Ta Cinye Muhtari

Ƙwallon ta wuce ta gefen kunnen Muhtari kafin ya ɗaga raket ɗinsa.

Karo na huɗu ke nan a jere, kuma da shi wasan ya ƙare.

Filin tanis na kwalejin Kaura Namoda ya kaure da tafi, ɗalibai suna kiran sunan Barakatu. Ita kuwa murmushinta ya gushe, don ta ga yadda ya tsaya kansa a ƙasa.

"Yaya Muhtari..." ta ce a hankali da suka haɗu bakin raga. "Wasa ne fa."

"Na sani."

Bai ko dube ta ba.

Shi ne ya fara ɗora mata raket a hannu shekara uku da suka wuce, kuma a filin nan soyayyarsu ta ƙullu. Ɗan direban babbar mota ne daga Shinkafi. Ita kuwa ɗiyar Malam Na'Allah ce, limami a Zurmi, wanda tun farko ya ce bai ga haɗin gidansa da 'yan tasha ba. Muhtari ya koya mata bugun buɗe wasa, wanda 'yan tanis ke kira sabis, kullum yana nanata mata, "Barakata, ƙarfin sabis na maza ne. Ke dai ki koyi saiti."

Ta koyi saitin. Sannan ƙarfin ya zo, shekara bayan shekara, tana cilla ƙwallo sama har kafaɗarta ta yi tsami. Shi kuwa nasa bugun ya tsaya inda yake.

Samira, ɗiyar kawunsa da ta daɗe tana son shi, ita ta ɗauki wasan da waya. Kafin la'asar bidiyon ya zagaye tashar Shinkafi.

Bayan kwana biyar Malam ya aika aka kira Barakatu gida. Ta iske shi a zaure, ta durƙusa. Ya miƙo mata wayarsa, bidiyon wasan na tafiya a ciki.

"Wagga ke ce?"

"Ni ce, Baba."

"Karatu na tura ki, ko tsalle gaban maza?"

"Baba, da hijabina nake yi... Ranar Asabar za a zaɓi 'yan wasan jiha a Gusau, an ce in je..."

"Ba Gusau, ba Kaura. Kin gama." Ya karɓe wayar. "Shi kuwa yaron nan, ashe na yi mishi mugun zato. Da ƙafarshi ya zo ya nuna min abin da kike yi, ya ce ya hana ki kin ƙi ji. Mai hankali ne. In kina son shi har yanzu, na amince."

Wannan amincewar ita Barakatu ta yi shekara biyu tana roƙon Allah a kai.

Washegari da hantsi Muhtari ya zo, sanye da sabuwar shadda, yana fara'a.

"Masoyiyata, kin ji albishir?"

"Kai ka kawo mishi bidiyon?"

Fara'ar ta ɓace.

"Samira ta ce ita kaɗai ce hanyar da Malam zai yarda da ni..."

"Kuma ka ce ka hana ni? Kai da ka saya min raket?"

"Don mu na yi, Baraka. Don aurenmu."

"To ka dube ni ka sake faɗi."

Ya ɗago, ya kasa. Can ya ce da wata murya da ba ta san shi da ita ba, "Ban iya shiga tasha. Ko'ina na bi dariya ake yi, wai mace ta durƙusar da ni. Mi kike so in yi?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Da ka ce min in bari don kai, wallahi da na bari. Har haka nake son ka."

"To ki bari yanzu..."

"Ai ka riga ka sa an hana ni. Ka tahi, Muhtari. Allah Ya haɗa kowa da rabonshi."

Ta shige gida. Ya kira sunanta sau biyu, ba ta waiwaya ba.

Malam bai tilasta mata auren Muhtari ba, amma bai mayar da ita Kaura ba. Asabar ta zo ta wuce tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Bayan babbar Sallah aka ɗaura auren Muhtari da Samira a Shinkafi, Innarta ce ta faɗa mata, tana kallon gefe.

A satin ne wayarta ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum. Daga Gusau nake kira, ni ke horar da 'yan matan jiha. Na ga wani bidiyo, ban taɓa ganin yarinya mai sabis irin wannan ba. Da Barakatu nake magana?"

Ta dubi zaure, inda muryar Malam ke tashi yana ba da karatu.

"Ba ta wasa yanzu," ta ce.

Ta kashe wayar.